Askin Bushiya Mai Ƙwai

Duk wanda ya san Challawa a zamanin da take Challawa ya san jiniyar safe ta kamfanoni. Kafin ta gama kuka, titin da ya taso daga Panshekara ya cika da kekuna, kowa da kwanon abincinsa ɗaure a kariya, masu ƙosai da masu shayi suna fama da mu a bakin get. Ni ma ina cikinsu, Sule majemi ɗan majemi, wanda ya bar ramin jimar ubansa ya shiga kamfanin fata don kawai a riƙa ce masa ma'aikaci. Bokona bai wuce aji uku ba, ajin ukun ma malamin ne ya gaji da ganina ya tura ni gaba. In kun ga rubutun nan yana ɗingishi ku yi haƙuri, mai shi ma yanzu da sanda yake tafiya.

Aikina a kamfani guda ɗaya ne, cire gashi. A jiƙa fata, a juya ta a ganga da laim, farar ƙasar nan mai cin gashi, a fito da ita, duk gashin da ya yi taurin kai in bi shi da kartaji, wuƙar nan tamu mai mariƙi biyu. Shekara da shekaru ban yi komai ba sai wannan. Har ta kai in akuya ta gifta ta gabana a unguwa ba akuya nake gani ba, aikin da ba a gama ba nake gani.

Da wutar lantarki ta fara yi wa kamfanoni rowa aka rufe namu. Na zaga Sharaɗa, na zaga Bompai, kowane get daga maigadi sai rediyonsa. Ni da maƙwabcina Bitrus, mutumin Kagoro mai juya ganga a sashenmu, muka ce bari mu gwada gaba. Labarin fitarmu ba shi da daɗin ji, na bar shi. Maganar mahaifiyata kaɗai zan faɗa, don ita ce kayan da na ɗauka. A layinmu an taɓa dawo da wani daga ƙasar waje da ankwa a hannu, har yau Ɗan Kora ake kiransa, 'ya'yansa ma 'ya'yan Ɗan Kora ne. Inna, wadda idonta ya riga ya fara hazo a lokacin, ta ce, "Sule, ban ce ka kawo mini komai ba. Yadda ka fita da ƙafarka, ka dawo da ƙafarka ina raye. Kada a kawo mini kai."

Zangon farko da ya ci sunansa shi ne Sabha, a Libiya. A tasha wani Bakano ya tare mu, carbinsa har gwiwa, ya rungume mu yana cewa 'yan uwa, 'yan uwa. Ya tambayi unguwarmu, ya ce ai ƙanwar matarsa a Kumbotso take aure. Ya ce akwai kamfanin fata yana neman ƙwararru. Kamfanin ya zama gonar rani a bayan gari, mai ƙofar da ake kullewa ta waje. Muka yi damina babu ruwan sama, muka yi rani, muna ban ruwa muna cin burodi da ruwan shayi. Bitrus yakan dube ni ya ce, "Alhaji Sule, yaya kamfanin surukinka?" Ni kuma in ce, "Fasto, yi mana addu'a mana, ko taka ma sai an ba da baikon coci take tashi?" Wani tsohon direba mutumin Sudan, mai zuwa ɗaukar ciyawar dabbobi, shi ya ji tausayinmu. Wata rana da tsakar rana, masu gadi suna barcin zafi, ya binne mu cikin ciyawa a bayan motarsa. Da ya sauke mu ya ba mu dabino cikin hularsa, ya karɓi hularsa, ya juya. Ko sunansa ban sani ba, amma har yau yana cikin addu'ata.

Teku kuwa, ni da ko kogin Challawa ban taɓa bari ya wuce gwiwata ba, sai ga ni cikin kwale-kwale a tsakiyar ruwa. Ina ta karanto duk abin da na haddace, har da wanda ban haddace daidai ba, Bitrus a gefena yana rera waƙar cocinsu da Hausa. Muka kai wa Allah kuka ta ƙofa biyu, Ya kuma ji.

A kudancin Italiya tumatir muka tsinka. Na baro tumatirin Kura yana ruɓewa a bakin titi ba mai saye, na ƙetare teku ina tsinkar ɗan'uwansa a durƙushe. A nan na fara jin sunan abin da ya zame mini ciwon kai, takardar zama. In ba ka da ita, kowane ɗan sanda mala'ikan mutuwarka ne. An kuma gaya mana ko jirgin gida ka je hawa da guminka, a filin jirgin za a riƙe ka, a buga maka tambarin kora, a raka ka. Ke nan hanyar Panshekara da ƙafata ta cikin takardar nan ta bi.

Muka ji labarin wani gari a arewacin ƙasar inda ake jima, muka hau bas. Ina gyangyaɗi Bitrus ya zungure ni. "Sule, buɗe hancinka." Na shaƙa. Laim ne, da ɗanyar fata, da ruwan kwata na kamfani. Turawan cikin motar suna rufe taga suna yatsine fuska, mu biyu muka leƙa da kai waje kamar awakin da aka ɗauko daga kasuwar Wudil. Ƙaton nan Bitrus sai hawaye. Ya ce, "Wallahi kamar na ga mai ƙosan bakin get."

Bitrus ya sami aiki a kan ganga. Ni kuma wani mutumin Gana mai suna Kofi ya ara mini takardarsa in yi aiki da sunansa, albashi ya shiga hannunsa ya yago mini abin da ya ga dama. Turawan ba su bambance fuskokinmu, matsalar daga ni take. A yi ta kiran Kofi, Kofi, ni ina can ina kankare fata ban san da ni ake ba, har shugaban sashen ya yanke cewa kurma ne ni, ya koma yi mini magana da hannu. Na ga hakan ya fi mini sauƙi, na zama kurma. Da aikin ya zauna, aka ce za a mayar da Kofi ma'aikacin dindindin saboda ƙwazonsa, sai Kofi na gaskiya ya zo ya karɓi abinsa. Na ji labarin sun yi mamakin yadda kunnensa ya buɗe, hannunsa kuma ya mutu.

Na koma taya wani mahauci Balaraben Maroko a bayan shagonsa, ina babbaka kan rago ina fasawa. Wata safiya wuƙa ta zame ta yanke ni, na ɗura wa kan ragon ashar irin na bakin get, har da uwarsa. Sai na ji murya a bayana.

"Malam, zagi ba kyau. Ragon ya riga ya mutu."

Na waiga. Wata tsohuwar Baturiya ce, gajeriya, gashinta fari fat, da kwando a hannu. Na duba bayanta ko akwai wani, babu. Na zauna a kan bokiti. Rabon da in ji Hausa daga bakin da ba na Bitrus ba har na manta.

Ashe farfesa ce a gidan tarihin dabbobi na babban garin da ke kusa. Tana budurwa ta yi shekaru a hamadar Nijar suna tonon ƙasusuwan halittun da suka shuɗe, a can ta tsinci Hausarta, irin ta Agadas, mai gishiri-gishiri. Kan rago ta zo saya wa ɗalibanta. Ta ga yadda nake fasa ƙoƙon kai ƙwaƙwalwar ta fito ɗungurungum ba ta fashe ba, ta ce ina na koya. Na ce a wajen masu farfesun kai na Panshekara, jami'ar da na fi daɗewa a ciki ke nan. Ta ce in zo ranar Litinin.

Hajiya nake kiranta. Ta ce ita ba ta taɓa zuwa Makka ba. Na ce, "A wurinmu duk macen da ta girme ni kuma take ba ni aiki Hajiya ce, sauran tsakaninku ne da Allah."

Ɗakin aikinmu a ƙarƙashin ƙasa yake, kantoci cike da ƙoƙon kan dabbobi, daga na jemage har na dorina. Nawa shi ne in dafa, in goge, in shanya. Sannan mu zuba wata roba mai ruwa a cikin ƙoƙon, in ta daskare a zaro ta, sai ga siffar ƙwaƙwalwar da ta taɓa zama a ciki, kamar yadda waina ke ɗaukar siffar tanda. Da haka suke gane irin ƙwaƙwalwar dabbar da ta mutu tun duniya tana ɗanya, ko da ƙashin ya zama dutse.

Da rana takan dafa kofi mai ɗacin maɗaci, ta zauna a kan akwati ta yi ta ba ni labari, don Hausarta ta motsa jini. Wata rana ta ɗora mini wani ɗan ƙoƙon kai a tafin hannu, bai fi ƙwayar gyaɗa mai ɓawo ba. Ta ce kwafi ne na wani da aka tono a dutse.

"Malam Sule, gai da kakan raƙumi."

"Hajiya, wannan ko kakan ɓera ne ai an cuce shi."

"Kakan ɓera ne, kakan raƙumi ne, kakan giwa da akuya da jemage. Duk mai gashi mai shayarwa, daga irin wannan gidan ya fito. Ka san jaba?"

Wa bai san jaba ba? Mai dogon baki, mai warin da ke sa a zubar da tuwo. Ta ce to kamarta yake. A zamaninsa duniya a hannun wasu manyan ƙadangaru take, wasu sun fi tirela, rana tasu ce. Shi ɗan talakan nan sai duhu ya yi yake fitowa neman ƙwari. A duhu kuwa ido ba ya ciyar da kai, hanci ke ciyar da kai. Ta nuna mini wasu 'yan ƙulli biyu a gaban robar, ta ce nan ne ma'ajiyar ƙamshi da wari, nan ne ya fara kumbura kafin ko'ina. Bayan hanci sai gashi. Ta ja gashin hannuna har na ce wash. Ta ce, "Ka ji? Kowane gashi akwai jijiya a gindinsa, ɗan aike ne. Ba don sanyi kaɗai aka yi shi ba. Dabbar da ta lulluɓe da gashi ta lulluɓe da 'yan aike, dole fada, wato ƙwaƙwalwa, ta faɗaɗa don karɓar saƙo." Ta ce har wasu ƙananan ƙasusuwan muƙamuƙi suka yi ƙaura suka koma cikin kunne, ji ya ƙaru. Da manyan ƙadangarun suka ƙare, jikokin jaba suka fito rana suka watsu, wasu suka yi jiki, wasu suka shiga ruwa, wasu suka tashi sama. Daga baya ɓawon saman ƙwaƙwalwa, inda dabara take, ya yi ta faɗi a wasunsu har ƙoƙo ya yi masa kaɗan, ya dinga naɗewa kamar babbar riga a ƙaramin akwati. Shi ya sa ta ɓera sumul take, ta rago kuwa duk lanƙwasa.

Na ce, "Hajiya, tsaya. Ni ma ina da gashi, an kuma shayar da ni. Kada ku kai ni inda ba zan iya dawowa ba. Ni jikan Annabi Adamu ne, a nan na sauka."

Ta yi dariya har da tari. "Ban ce ka sauya kaka ba. Maganar akuya nake yi maka."

"To akuya ku kai ta duk inda kuka ga dama, ba ta da dangin da za su yi ƙara."

Ban ce na gaskata duka ba, ban ce na ƙaryata ba, Allah ne Ya san yadda Ya yi abinSa. Amma labarin ya zauna mini, don na ga kaina a ciki. Mu ma a garin nan jaba ne, rana ta masu takarda ce, mu sai raɓe-raɓe, da hanci muke gane layin da 'yan sanda suke. Kwanakin nan na ƙarƙashin ƙasa, da ɗumin tukunyar ƙashi da kofin nan mai ɗaci, su ne mafi daɗin zamana a Turai. Har yau in na ga jaba a bayan tukunya ba na iya dukanta, sai in ce mata wuce, Hajiya babba.

Ana nan sai gwamnatinsu ta buɗe ƙofar afuwa na ɗan lokaci, duk baƙon da mai gidan aikinsa ya tsaya masa za a ba shi takarda. Kamfani ya tsaya wa Bitrus. Hajiya ta yi wa shugaban gidan tarihin magana a kaina, ya ce to, in ta dawo daga wani taro da za ta je zai sa hannu. A satin ne kuma kaset ya iso daga gida, muryar matata Hajara, tana cewa idon Inna ya rufe gaba ɗaya, kullum in ta ji an taɓa ƙofa sai ta ce wane ne.

Kafin Hajiya ta tafi aka kawo wata dabba daga wani gidan zu, tsufa ya kashe ta. Na buɗe akwatin ƙanƙara na ce, "A'a, bushiya ce ta yi ƙiba."

"Ba bushiya ba ce. Daga Ostireliya take. Ƙwai take yi, in ya ƙyanƙyashe ta shayar da ɗan."

"Hajiya, yau kuma da me aka haɗa kofin?"

Ta rantse mini. Ta ce danginta sun rabu da sauran masu shayarwa tun da sassafen zamani, tun ba a daina ƙwai ba, amma duk da haka ƙwaƙwalwarta babba ce mai lanƙwasa, ta bi tata hanyar ta isa inda rago ya isa. Ta ce shekaru take rubuta wasiƙu tana jiran irin wannan. Ita da kanta ta cire ƙwaƙwalwar ta sa a kwalba. Saura fata, mai gashi da ƙayoyi fari da baƙi. Tsohon da ke yi musu aikin fatu yana asibiti an yi masa aiki a ƙugu. Ta dube ni ta ce, "Kai ba majemi ba ne? Ka gyara mini ita kada ta lalace. Ka yi mini aikin Kano." Ta ɗauki jakarta ta tafi.

To, jama'a, ku yi mini adalci. A saman benen nan akwai zaki da gashinsa, akwai kura da gashinta, an cushe fatunsu an tsayar da su kamar masu rai, kullum ina wuce su. Amma ni abin da nake faɗa a raina in na gan su shi ne, kaico, ba su sami gwani ba. A wurinmu fatar da aka bar wa gashi buzu ce, kowane almajirin mahauci ya iya ta, a shafa gishiri a shanya. Jima ta gaskiya sai an tuɓe fata tsirara. Ga shugaba zai sa hannu, ga dama ta samu in nuna masa wanda zai ɗauka. Labarin 'yan aike da fada da ta ba ni kuwa, yana can wani ɗaki na kaina inda nake ajiye tatsuniya, bai taɓa gaisawa da ɗakin aiki ba.

Na kira Bitrus ya zo ya gani. Ya juya fatar, ya taɓa ƙaya ta soke shi, ya tsotsi yatsa.

"Alhaji, wannan sai laim mai ƙarfi."

"Abin da na ce ke nan, Fasto."

"Ka tabbata ba da ƙayar take so ba?"

"Ka taɓa ganin an yi jaka da ƙaya? Cewa ta yi aikin Kano."

"Haka ne kuma. Kada ka ba mu kunya."

Shi ya ɗebo mini laim da garin jima daga kamfaninsu a cikin kwanon abincinsa. Kartaji babu, na wasa bayan wata tsohuwar wuƙa na naɗe bakinta da tsumma. Ƙayoyin nan suka yi gardama, na bi su ɗaya bayan ɗaya, na share na zuba a shara. Na wanke, na jeme, na shafa mai, na yi ta murzawa a gefen tebur ina waƙar da muke yi a sashenmu. Wallahi tun da nake ban taɓa fitar da fata irin wannan ba. Laushi kamar kunnen jariri, ko tabon wuƙa babu. Bitrus ya shafa ta a kumatunsa ya ce, "Yau Challawa ta shigo Turai." Na naɗe ta a farar takarda na ajiye a teburin Hajiya.

Ranar da ta dawo tare da shugaban suka sauko, wani dogo mai gilashi. Na sa rigata mai kyau. Ta warware takardar, ta ɗaga fatar, ta juya ta. Ta ce, "Wannan mene ne?"

"Bushiyarku ce, Hajiya."

"Ina ƙayoyin? Ina gashin?"

Na ce da alfahari, "Ko ɗaya ba za ku samu ba. Ku duba da gilashi."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi abin da tata ta yi ba. Ta zauna a kan akwatin nan da take ba ni labari, ta ɗora fatar a cinya. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. A hankali ta ce, "Malam Sule, wata nawa ina gaya maka abin da gashi yake?" A lokacin ne ƙofar ɗakunan nan biyu na kaina ta buɗe, labarin ya fito ya ga aikin, aikin ya ga labarin. Ashe so take a tsayar da dabbar a sama kusa da ƙwaƙwalwarta, yara su ga 'yan aiken su ga fadar. Ni kuma na kori 'yan aiken kaf, motar shara ta tafi da su.

Shugaban ya yi magana da yarensu, doguwa, bai dube ni ba. Ba sai an fassara mini ba. Na ajiye makullin ɗakin a tebur na hau matakala.

Kwanakin da suka biyo baya ban fita ba. Ina kwance a ɗakin da muke haya mu shida, ina lissafin yadda wa'adin afuwa ke ƙarewa, ina jin kaset ɗin Hajara har ya fara cin zare. Bitrus ya je ya roƙar mini mai kamfaninsu, mutumin ya ce wuri ya cika. Ya dawo ya zauna a bakin katifata ya ce, "Ni na kawo laim ɗin." Na ce, "Kai ka kawo, ni na zuba. Jakuna biyu ne, ɗaya dai ya sami takarda." Na fara tunanin in je in miƙa kaina a kai ni gida ko da ankwa, in ga Inna tana raye, in ya so a kira ni duk abin da za a kira ni. Sai in tuna ba ganina kaɗai ta roƙa ba.

Ana saura kaɗan a rufe ƙofar afuwa, wata Asabar da hantsi, aka ƙwanƙwasa. Hajiya ce, tana haki saboda matakala. Ta ƙi zama.

"Ban huce ba," in ji ta. "Kada ka ga na zo ka ce na huce."

"Hajiya, ko ni ban huce da kaina ba."

"Gidan tarihi ba za su ɗauke ka ba, ni ma ba zan sake ba ka ko fatar ɓera ba. Amma afuwar ta haɗa da masu kula da tsofaffi a gida. Ina da wa, ya girme ni, ƙwaƙwalwarsa ta fara tafiya. Ba ya gane ni. Ya kori mata uku masu kula da shi, ba ya yarda kowa ya taɓa fuskarsa, gemunsa ya zama daji." Ta dube ni sama da ƙasa. "Aski dai na ga ka iya."

Bitrus ya juya baya yana kallon bango, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

Haka na zama mai rainon tsoho, ita ta sa hannu da kanta. Mutumin injiniyan jirgin ƙasa ne a da, yanzu ko cokali sai an tuna masa amfaninsa. Ranar farko ya jefe ni da takalmi. Na lura in ya ji ƙamshin kofi yakan lafa, sai na riƙa dafa shi a gabansa, in riƙe hannunsa, in shafa masa ruwan ɗumi a gemu ina yi masa waƙar sashenmu. A kwana a tashi ya miƙa mini wuya. Sunana bai taɓa riƙewa ba, sunan ƙanwarsa ma ya ɓace masa, amma in na shigo ya shaƙi hannuna sai ya gyara zama ya ɗaga haɓa. Hajiya takan tsaya a bakin ƙofa tana kallo. Wata rana ta ce, "Ka gani? Abin da ya zo ƙarshe shi ke fara tafiya. Hanci da fata su suka riga kowa zuwa, su ne ƙarshen fita." Ta je ta dafa mana kofi. A ranar na san ta huce, ko da yake har ta bar duniya ba ta faɗa ba. Na yi shekaru a gidan nan ina zuwa gida ina komawa, har na rufe wa tsohon ido da hannuna. Bitrus yana can har yanzu, jikokinsa ba sa jin Hausa sai zagi, wanda ni na koya musu.

Amma zuwan farko nake son in faɗa. Da takardar ta fito, a satin na hau jirgi. A filin jirgin Kano na sauko matakala ni kaɗai, ba kowa a damana ba kowa a haguna, har na tsaya ina waige ko wani zai lura. Ba wanda ya kula. Na ɗauki tasi zuwa Panshekara, na sa ya sauke ni tun daga bakin titi don in taka layinmu kowa ya gani.

Inna tana zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta, ta ƙanƙance. Na yi sallama na durƙusa. Hajara da yara suna ta kuka. Inna ta miƙo hannu ta lalubi fuskata, ta bi gemuna, ta kama kunnena na hagu wanda ta saba murɗawa. Sannan ta gangaro ta kama wuyan hannuna duka biyu, ta yi ta shafawa da babban yatsa, tana juya su ciki da waje. Sai da ta gama na gane shaidar ankwa take nema.

"Wa ya rako ka?"

"Ba kowa, Inna. Ni kaɗai na zo."

Ta yi ajiyar zuciya. "To wane aiki ka yi a can duk shekarun nan?"

Na duba tumatir, na duba Kofi, na duba bushiya, na ga ba wanda zai shiga kunnenta. Na ce, "Aski, Inna."

"Aski? Ka ƙetare hamada ka ƙetare teku don aski? Wanzamin layin nan ko Zariya bai taɓa zuwa ba, ga shi ya yi ɗaki biyu da zaure."

Tsakar gida ta fashe da dariya. Hajara ta kawo ruwa a kwanon sha ta miƙo mini, na so in karɓa, hannu babu. Inna ta ƙi sakin ko ɗaya.

"Ba shi a baki," in ji ta. "Ai yaro ne."